Na'ura Ta Ce Ba Kowa a Ciki

"Kai ne ka kulle ni a ciki, Injiniya. Ba kwamfuta ba, kai."

A bakin get Gwaggo ta faɗa masa haka, da safiyar Litinin, gaban masu gadi biyu da layin ma'aikatan da ke nuna kati. Injiniya ya riga ya sauke gilashin motarsa don ya gaishe ta, yanzu kuma ba halin ya ɗaga. Motocin bayansa suka fara danna oda. Ita ko gezau, ta dafa ƙofar motar da hannu biyu.

"Gwaggo, ina kwana? Ba nan ne wurin wannan maganar ba."

"To ina ne wurinta? Mako uku ina zuwa nan ina neman wurinta."

Shekara goma sha tara Gwaggo ta yi tana share wannan cibiyar bincike. Ba ta yi karatu ba, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba. An ce mata a can ƙarƙashin gini, a zauren gwaji, ana harba wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani ta cikin dogon bututu, su bugi ƙarfe, masana su zauna suna kallon abin da ya warwatse. Ta ji, ta ce Allah ya ba da sa'a. Abin da ta sani shi ne masu digiri ma suna zubar da shayi a ƙasa, kuma ƙura ba ta tsoron kowa. Ta san kowane lungu na zauren nan, har bayan manyan maganaɗisun da suka fi ta tsawo sau biyu, inda ruwa ke ɗiga daga wani tiyo tun wasu daga cikin masu ba ta umarni suna makaranta.

Ba a shiga zauren da takalmin waje. Gwaggo takan cire nata, ta sa na roba, ta ajiye natan a gefen ƙofa. A da, wanda ke kunna na'urar wani tsoho ne da kowa ke kira Baba Makulli. Kafin ya murɗa komai sai ya sauko matakala ya duba gefen ƙofar nan. In ya ga takalma, ya leƙa ya ɗaga murya.

"Gwaggo, fito za mu hura wuta."

"Ka jira. Wutar taka guduwa za ta yi?"

Sai ya jira. Ba a rubuta wannan a kowace takarda ba. Haka kawai suke yi, shekara da shekaru.

Sannan aka kawo Injiniya da manhajarsa. Aka ce yanzu na'ura za ta riƙa kunna kanta, ta kashe kanta, ta kulle ƙofa, ba sai an tsaya jiran wani ya sauko matakala ba. Aka mayar da Baba Makulli ɗakin ajiya yana ƙirga kusoshi. Ƙofar zaure ta koma sai da kati. Katin Gwaggo kuwa na kamfanin shara ne, ofisoshi da banɗaki kawai yake buɗewa. Ba wanda ya ce mata ta daina share zauren, domin yana nan a jerin aikinta na Alhamis. Don haka duk wanda zai shiga sai ya riƙe mata ƙofa ta bi bayansa. Wata bakwai ana haka.

Ranar Alhamis ɗin nan Dogo ne ya riƙe mata, wani makanike mai yawan waƙa da hanci. Ya ɗaure abin da zai ɗaure, ya fita. Gwaggo tana durƙushe bayan maganaɗisu tana matse tsumma sai ta ji ƙofa ta ce ƙwas. Fitilu suka koma ja. Jiniya ta ɗauka.

Ta san wannan jiniyar. Daga waje ta saba jin ta, tana sa takalmi. Ta san in jiniyar ta yi shiru, hasken da ake cewa yana cin jini zai cika zauren. Ta miƙe, gwiwa ta ƙi, ta ja ƙafa har ƙofa, ta jijjiga, ta buga, ta kira Dogo, ta kira Baba Makulli da ba ya nan. Tun ranar da ta fara aiki aka ja mata kunne cewa kada ta taɓa wani abu mai launin ja a wurin nan. A bango can gefe akwai wani ƙaton madanni ja. Ba ta ga alamar ƙafarta za ta kai ta ba, sai ta miƙa sandar goge ƙasa ta doke shi iya ƙarfinta.

Komai ya mutu lokaci guda. Ta tsira. Amma an ce kashewar gaggawar ta sa iska ta shiga bututun da ba a son iska a cikinsa, gyara ya ci mako biyu, baƙin masana da suka jira shekara guda don a ba su kwana tara suka koma hannu rabbana. Kwana huɗu bayan nan aka miƙo mata takarda.

'Yarta, wadda ke ɗinki a bakin titi, ita ta karanta mata, sau biyu, domin Gwaggo ta ce a sake.

"Wai wata ma'aikaciyar shara ta shiga zauren gwaji ba da izini ba, ta jawo asara. Wai manhajar ta yi aiki yadda aka tsara ta. An kai kwafi kamfaninku."

"Wata? Ba su ma san ko wace ce ba?"

"Haka dai aka rubuta, Inna."

Kamfanin shara suka ce da wannan takarda a bayanta ba inda za su iya tura ta, ko makarantar yara. Shekara goma sha tara ba ta taɓa fasa ko kofi ba, ga shi za ta fita da sunan mai kutse. Wannan ne ya hana ta zama. Ta share gidan 'yarta har sai da surukinta ya fara ɗage ƙafa tun kafin ta iso. Ta wanke labulen da aka wanke jiya. In ta zauna cin abinci, loma biyu ta miƙe. Kullum da safe ta shiga mota ta tafi bakin get, masu gadi su ce Darakta yana taro, ta tsaya har rana ta take, ta dawo. Sai yau da motar Injiniya ta faɗo hannunta.

Ganin ba za ta saki ƙofar ba, ya ce wa mai gadi a ba ta katin baƙi.

Ofishinsa ta sha gogewa, ta san har tabon da ke ƙarƙashin teburin. Ya nuna mata kujera, ta ce tsayuwa ta fi mata. Ya ɗauki alƙalamin allo ya zana da'ira biyar a jere, ya haɗa su da kibiyoyi. Mutum ne mai sanyin magana, wanda in yana bayani yake mantawa da wa yake yi.

"Kin ga, Gwaggo, na'urar matakai gare ta. A kowane lokaci tana kan ɗaya tak, kuma ba ta iya tsallake. Wannan na farko, zaure a buɗe. Duk wanda ya shiga da kati, ta ƙirga shi. Ya fita, ta cire shi. In lissafi ya koma sifili kuma lokacin gwaji ya yi, sai ta matsa nan, ba kowa a ciki. Daga nan ta kulle ƙofa. Daga nan jiniya ta minti ɗaya. Daga nan ta saki haske. Na duba tarihin ranar layi-layi, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba."

Gwaggo ta matso ta ƙura wa allon ido.

"To nuna mini inda nake."

"Na'am?"

"A cikin ƙwayayen nan naka. Ina nake?"

Ya dubi allon, ya dube ta. "Ai ba ki da katin zaure, shi ya sa ba ta gan ki ba."

"Wa ya hana ni katin?"

"Wannan ba sashena ba ne. Ni ban ma san kina shiga ba, wallahi."

"Ba ka sani ba." Ta gyaɗa kai a hankali. "Ɗan nan, kullum kana shiga zauren nan kana ganin ƙasa tana ƙyalli. Wa kake zaton yana gogewa? Aljanu?"

Ya ajiye alƙalamin. Ya ce kafin ya rubuta manhajar sai da ya zauna da kowa, masana da makanikai da masu lura da na'urar, wata uku yana tambaya yana rubutawa, ba wanda ya ambaci shara. Ya ce har Baba Makulli ya zauna da shi yini guda.

"Ni fa? Ina wuce ka da bokiti kullum, kana cewa sannu Gwaggo. Bakinka ciwo yake da ba ka tambaye ni ba?"

"Takardar ba ni na rubuta ba. Kwamiti ne."

"Kai ka ce musu abinka bai yi kuskure ba."

"Bai yi ba, Gwaggo. Abin da aka gaya masa ya yi."

"Wa ya gaya masa?"

Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka da sauri kamar wanda aka ceto. Ta tsaya ta ga ba zai gama ba, ta fita. Tunda katin baƙi na wuyanta, ba get ta nufa ba. Ta gangara ɗakin ajiya.

Baba Makulli yana zaune tsakanin akwatuna, tabarau a kan hanci, yana ware wayoyi. Da ya gan ta ya yi yunƙurin tashi.

"Zauna abinka, tsohon banza. An ce yini guda ka yi kana zuba wa yaron nan surutu. Ka gaya masa kana duba takalmana?"

Tsohon ya cire tabarau ya goge da riga. "Ban gaya masa ba."

"Don me?"

"Ya ce in lissafa masa aikin da nake yi kafin in kunna. Na lissafa: ruwa, iska, wuta, makulli. Takalmanki kuwa ban ɗauke su aiki ba, Gwaggo. Kamar a tambaye ni yadda nake tafiya in ce ina ɗaga ƙafa. Ranar da abin ya faru ina nan na ji jiniya ta katse. Na ce yau Alhamis."

"Ka faɗa wa kwamitin?"

"Ba su kira ni ba."

"Ƙafarka ta karye?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce saura masa wata biyar ya yi ritaya. Ta ce Allah ya kai shi lafiya, ya ci ritayarsa da sunansa fes. Ta tambaye shi labarin Dogo, ya ce Dogo in ya ji muryarta ta ƙofar baya yake bi, don in aka ce shi ya shigar da ita, shi ma tafiya zai yi.

Ta koma gida ba ta samu komai ba sai ƙarin zafi. 'Yarta tana kan keken ɗinki, ta tsayar da ƙafa.

"Inna, don Allah ki bar su. Kin fito da ranki. Ki zauna ki huta, mu ba mu gaji da ke ba."

"Ni na gaji da ku. In zauna in yi me? In riƙa kallon mijinki yana neman rimot?"

"Mutanen nan ba za su taɓa cewa sun yi kuskure ba."

"Ba sai sun so ba."

Ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye, ta fita tsakar gida, ta dawo, ta kwashe kwanukan da ke kan kanta ta sake jera su. Haka ta yi kwana tara. Ba ta koma get ba, domin ba ta da sabuwar magana, kuma ta tsani maimaita kanta gaban masu gadi.

A rana ta goma ta haɗu da Gajera a tashar mota, abokiyar shararta wadda aka ba wa zauren bayan tafiyarta. Gajera ta so ta kauce, motar ba ta zo ba, dole suka gaisa. Gwaggo ta ga wani sabon kati shuɗi a wuyanta.

"Wannan fa?"

"Na zaure ne. An ba mu duka, mu huɗu."

"Yaushe?"

"Makon da aka gama gyara." Gajera ta rage murya, ko da yake ba mai sauraronsu. "Kuma yanzu abin ba ya kulle ƙofa da kansa. Sai mutum ya zaga zauren da ƙafarsa, ya danna wasu madannai huɗu, ɗaya har bayan maganaɗisu, wajen tiyon nan mai ɗiga. In ba a danna ba, ko Darakta ne ya zo ba ta motsi. Injiniya ne ya tsaya aka kafa su. Kada ki ce ni na faɗa miki, Yaya."

Gwaggo ta bar motar da take jira ta wuce. Ashe ranar da yake zana mata ƙwayaye biyar a allo, yana rantsuwa abinsa bai yi kuskure ba, ya riga ya gyara shi. Sun toshe ramin a ɓoye, ita kuma da ta faɗa ciki sun bar ta da takarda.

Ta san kowace Laraba ƙarfe tara ana taro a ɗakin lura da na'urar, domin ita ke kwashe kofuna bayansa tun Darakta yana ƙaramin ma'aikaci. Ranar Talata ta sa 'yarta ta kira mata Baba Makulli a waya.

"Gobe ka rubuta ni baƙuwarka a get."

"Gwaggo, wata biyar…"

"Ban ce ka yi magana ba. Hannu kawai za ka sa. In shi ma ya fi ƙarfinka ka faɗa mini yanzu."

Ya ce ta zo tara saura kwata.

Ɗakin lura cike yake da allunan kwamfuta, sanyi kamar cikin firji. Mutum goma sha biyu a kewayen tebur, Darakta a kai, Injiniya a tsaye yana nuna wani zane. Dogo yana can ƙurya. Ta tura ƙofa ba sallamar kirki, takardar a hannunta, ta ninku har ta fara yagewa. Baba Makulli ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma koma ba.

Darakta ya ɗago. "Gwaggo, muna taro. Ki ga sakatariya ta ba ki lokaci."

"Na ga sakatariya har na san kalar ɗankunnenta. Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya na kawo, ba zan ci muku lokaci ba. Injiniya, an ce yanzu sai mutum ya zaga zaure kafin a kulle. Gaskiya ne?"

Injiniya ya dubi Darakta. "An ƙara mataki, e."

"An ba masu shara kati?"

"An ba su."

"To abin da bai yi kuskure ba, me ake gyarawa a jikinsa?"

"Ingantawa ce, Gwaggo," in ji Darakta. "Kowane tsari ana inganta shi."

"Madalla. Ni ma a inganta mini takardata." Ta shimfiɗa ta a kan tebur tsakanin kofuna, ta danne da tafin hannu. "Ban iya karatu ba, amma na haddace ta. An ce na shiga ba da izini ba. Jerin aikina na Alhamis yana manne a bayan ƙofar ɗakin tsintsiya, da hatimin ofishinka. A aiko a ɗauko. Wata bakwai ana riƙe mini ƙofa. A teburin nan ma ina ganin mutum biyar da suka riƙe mini. Ke, Dakta, har bokiti kin taɓa ɗaukar mini."

Matar da ta nuna ta sauke ido kan littafinta. Wani ya gyara kujera.

"Ranar ni ne," in ji Dogo daga ƙurya. "Ni na shigar da ita. Na manta tana ciki."

"Ka manta, na ji, mutum ne kai. Ba kai na zo nema ba." Ta juya ga Darakta. "Da ban doki jan abin nan ba, da yau me za ku rubuta? Wata ma'aikaciyar shara ta mutu ba da izini ba?"

Darakta ya ce maganarta tana kan hanya, za a mayar da batun gaban kwamiti, a sake dubawa, za a neme ta.

"Wane ne kwamiti? Yana da fuska? Ga sa hannu uku a ƙasan takardar nan, 'yata ta nuna mini. Masu hannun suna ɗakin nan ko ba sa nan?"

"Suna nan," in ji Injiniya a hankali. Ya kasa ajiye sandar nunin da ke hannunsa. "Ɗaya nawa ne."

"To ai ka ce mini ba kai ka rubuta ba."

"Ban rubuta ba. Na sa hannu."

Gwaggo ta jawo kujerar da ba kowa a kai, ta zauna, karo na farko a shekara goma sha tara da ta zauna a wannan ɗakin. Gwiwarta na zugi, ba ta bari an gani ba.

"Ba roƙo na zo ba. Kwamfuta ba ta da kunya, ba ta da iyali, ba zan tsaya ina faɗa da ita ba. Mutum ne ya gaya mata ba kowa a ciki alhali ina ciki, mutum ne kuma ya rubuta cewa laifina ne. Ina son sabuwar takarda, da sunana a jiki, a ce aikina nake yi, a kai wa kamfaninmu yau ɗin nan. A cikinta kuma a rubuta wanda ya bar ni a waje da lissafi. Ku uku ne, ga ku a zaune. Ku zaɓa a tsakaninku, ina jira. Wa zai amsa?"